Wayar Baba da na'urar kunnensa sun ƙi zama lafiya, ina doka take?

Yayan Fati, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman wanda ya san kan wannan abu ya taimaka mini. Mahaifinmu ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana aiki a wata masaƙa a Kakuri, cikin ƙarar injuna safe da yamma, tun kafin ya ajiye aiki kunnensa ya yi nauyi. Bara muka haɗa kuɗi ni da ƙannena, aka auna shi, aka sa masa na'urar ji irin wadda ake maƙalawa a bayan kunne. Alhamdulillahi, yanzu yana jin karatun liman, yana jin surutun jikokinsa. Amma da zarar ya kara waya a kunne sai wata ƙara ta taso, zzzz, kamar zuma ta shiga kansa, wani lokaci kuma ta yi fito. Sai ya cire na'urar. In ya cire kuma ba ya jin mai magana. Abin da ya rage masa shi ne ya sa waya a sifika ya ƙure murya.

Makon jiya ƙanwarmu Fati da ke aure a Zariya ta kira shi tana kuka kan wata matsala ta gidanta. Yana zaune a majalisa a ƙofar gida. Kafin ya lallaɓa ya miƙe ya shiga zaure, mutum shida sun ji abin da bai kamata ko ni in ji ba. Tun ranar ya ce kada wanda ya sake kiransa, mai magana da shi ya zo da ƙafarsa. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. An ce a wasu ƙasashe doka ce ta tilasta wa masu ƙera waya su yi ta yadda za ta dace da na'urar ji. Gaskiya ne? Mu kuma a nan wa zai tsaya mana?

Maman Khalifa, Badarawa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya rufa asiri. Surukata ma haka take fama, mu mun ɗauka na'urar ce ta lalace.

Injiniya, Barnawa:
Ba lallai ne ta lalace ba, Hajiya. Yayan Fati, ƙara biyu ka ambata, kuma kowacce da sanadinta. Fiton nan yana faruwa ne in an danne na'urar da waya: sautin da ta tura cikin kunne ya kuɓuce ya koma cikin makirufonta, ta sake ƙara masa ƙarfi, ya sake komawa. Irin abin da ke faruwa ne a masallaci in ladan ya matsa kusa da lasifika.

Zzzz ɗin kuma daga sabis ne. Wanda ya riƙe waya tun 2001 da GSM ya shigo Najeriya zai tuna yadda rediyo ko sifikar kwamfuta ke yin dit-dit-dit kafin kira ya shigo. Tsarin GSM, wato 2G, ba ya aika saƙo a jere, gutsure-gutsure yake harbawa, kusan sau 217 a kowace daƙiƙa. Na'urar ji kuwa aikinta ke nan, ta kama ɗan ƙaramin abu ta mayar da shi babba, sai ta kama wannan bugun ta zuba wa Baba a kunne. Kuma in sabis ya yi rauni waya takan ƙara ƙarfin harbinta don ta cim ma turken sabis, shi ya sa ƙarar ta fi tsanani a ƙuryar ɗaki ko a ƙauye. Kiran da ya bi ta 3G ko 4G bai cika kawo wannan ba.

Maganar doka gaskiya ce. A Amurka tun 1988 majalisarsu ta yi dokar dacewar tarho da na'urar ji, amma a lokacin an tsame wayar hannu daga ciki. A 2003 hukumar sadarwarsu, FCC, ta fara shigar da wayoyin hannu, ta riƙa ɗaga adadin a hankali, daga 'yan ƙalilan har ya kai kashi 66, sannan kashi 85 cikin 100 na ire-iren wayoyin da kamfani ke sayarwa. A watan Oktoban 2024 suka ce yanzu duka ne, 100 bisa 100, suka ba masu ƙerawa wa'adin shekara biyu.

Yayan Fati, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai Injiniya. To ta yaya mai saye ke gane wadda ta dace?

Injiniya, Barnawa:
A kwali ake rubutawa, ko a takardar da ke ciki. Shekaru da yawa harafi biyu ake amfani da su, M da T, kowanne daga 1 zuwa 4. M na nuna yadda waya ke yi da na'ura in tana ji ta makirufo, T kuma in tana ji ta telikoyil. Telikoyil wani ɗan naɗin siririyar wayar tagulla ne a cikin na'urar, ba iska yake saurara ba, maganaɗisun da sifikar waya ke fitarwa yake kamawa. In an kunna shi makirufo yana mutuwa, hayaniyar titi da ta janareto ta ɓace, muryar mai kira kaɗai ke shiga. Sai waya ta kai M3 da T3 ake cewa ta dace. Ita ma na'urar tana da tata lambar, sai a haɗa biyun: in sun ba da 4 za a lallaɓa, 5 daidai ne, 6 zuwa sama kuwa tsaf. Ma'aunin da aka sabunta a 2019 ya bar waɗannan haruffa, yanzu ko waya ta ci jarrabawa ko ta faɗi, kuma an ƙara sharaɗin cewa murya ta iya ƙaruwa sosai ba tare da ta dagule ba.

Abban Walid, Rigasa:
Ina tausaya wa Baba, Allah ya sani. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Mutum nawa ne a Rigasa ke da na'urar ji? Tsofaffi nawa muke da su da sai ka ɗaga murya har maƙwabta su ji, kuma ba wanda ya taɓa kai su awo? Kuɗin na'ura mai kyau ya fi ƙarfin albashin malamin firamare na watanni. Mu da ba mu mallaki doki ba muna gardamar sirdi. Sannan duk sharaɗin da aka ɗora wa kamfani, a kan talaka yake saukewa. Ƙaramar waya mai maɓalli da mai sayar da rake ke saye, gobe a ce ta ƙara kuɗi saboda dokar da aka kwafo daga Amurka. Dokoki nawa ke kwance a takarda a ƙasar nan? Ni a ganina a fara da rage kuɗin na'urar.

Ummu Aisha, Malali:
Malam Abban Walid, ka yi haƙuri in amsa maka, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ina shekara 14 sanƙarau ya kama ni. Na tashi da rai, amma ji ya tafi ya bar mini kaɗan. Yau shekara goma sha ɗaya ina sa na'ura a kunne biyu. Ɗinki nake yi, kuma sana'ata a waya take. Mai biki za ta kira ta faɗi awo, ta faɗi rana. In na ji sha uku a maimakon talatin, atamfar mutane na ɓata.

Waya uku na saya cikin shekara biyu, ba don ƙawa ba. Ka biya, ka je gida, ka yage leda, ka kara a kunne, sai zzzz. Ka koma shago a ce an buɗe kwali ba a karɓa. Wannan asarar ba a kan talaka take sauka ba? Ni ce talakan. Akwai ranar da aka kira ni aka ce daga banki ne, ban ji sosai ba, na miƙa wa wani yaro a shago ya saurara mini. Yana cikin karanto musu lambobin katina wata maƙwabciyata ta fizge wayar. Ashe 'yan damfara ne. Da na ji da kunnena da ban kai nan ba.

Ka ce mu kaɗan ne. To wanda ya sayar da akuyarsa ya sayi na'urar, a ƙarshe ta gagara aiki da waya, me zai gaya wa na bayansa? Zai ce kada ka ɓata kuɗinka. Ni na san mata biyu da suka jefa tasu a durowa saboda wannan kaɗai.

Abban Walid, Rigasa:
Allah ya ba ki haƙuri Malama, ban yi nufin raina abin da ke damunki ba. Ban san ana sayen waya har uku a kan haka ba.

Mai Shago, Ahmadu Bello Way:
Bari in yi magana a madadin 'yan kasuwa, don na ga kamar laifin zai gangaro kanmu. Shekara goma sha biyu ina sayar da waya. Abin da ake tambayata: batir nawa, kyamara nawa, layi biyu ne, tana da tocila? Ban taɓa duba kwali don neman M ko T ba, sai yau da na karanta bayanin Injiniya. Na tashi na juya kwalayen da ke gabana ɗaya bayan ɗaya, ban ga komai ba.

Batun buɗe kwali kuma, 'yar'uwa, ba mugunta ba ce. Da zarar ledar nan ta yage, wayar ta zama ta hannu a idon mai saye na gaba, sai na rage kuɗi, dila kuma ba ya karɓa daga wurina. Ribar da ke kan ƙaramar waya ba ta kai wannan ragin ba. Sannan ku tuna da yawa cikin manyan wayoyin da ke kasuwa 'yan gwanjo ne, tsirara suke zuwa, ba kwali ba takarda. A ina za a manna alamar?

Injiniya, Barnawa:
Alhaji, dalilin da ya sa ba ka gani ba a fili yake. Dokar FCC wayoyin da za a sayar a Amurka take kamawa. Tecno da Infinix da itel, waɗanda suka cika kasuwarmu, duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, kuma Afirka da Asiya ne manyan kasuwanninsu. Wannan ba ya nufin wayoyinsu ba sa aiki da na'urar ji. Wata za ta yi kyau, wata ba za ta yi ba, mai saye dai ba shi da abin dubawa. Ko Samsung ɗin ma, suna ɗaya na iya zama da lambar samfuri daban-daban, na Amurka daban, na nan daban.

'Yan gwanjon kuwa su suka fi sauƙi. In daga Amurka ta fito, mai yiwuwa an riga an auna ta, lambar samfurin kawai za ka nema a shafin kamfanin. Akwai ma rumbun bayanai da ƙungiyar masu ƙera waya ke kula da shi, sunansa GARI, ana shiga a tace wayoyi bisa buƙatar mai raunin ji ko gani.

Abban Walid, game da tsada: auna samfuri sau ɗaya ake yi, ba kowace ƙwayar waya ba. In za a sayar da miliyan ɗaya, raba kuɗin awon ka gani. Kuma ka duba abin da ya faru da bakin caji. Tarayyar Turai ta ce daga ƙarshen 2024 kowace sabuwar waya sai da USB-C, sai ga Apple ta canza tun daga iPhone 15 a 2023, ba ga Turai kaɗai ba, ga duniya duka. Kasuwa in tana da girma ana jin maganarta. Najeriya kuwa ba ƙaramar kasuwa ba ce ga masu kawo mana waya.

Abban Walid, Rigasa:
Turai tana da haƙoran cizo. Mu wayoyin jabu nawa ke shigowa ta kan iyaka ba wanda ya duba su? Wannan ce damuwata, ba wai ba na so ba.

Ɗalibin Lauya, Kawo:
Yaya Abban Walid yana da hujja a nan, amma ƙofar tana nan, ba sai an fasa sabuwa ba. Dokar Sadarwa ta Najeriya ta 2003 ta ba hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ikon tantance kayan sadarwa, kuma a ƙa'ida duk samfurin wayar da za a sayar a ƙasar nan sai ya sami amincewarta. Hukumar tana fitar da jerin waɗanda ta amince da su. To tunda kamfani dole ya kawo takardun gwaji kafin a ba shi izini, abin da muke nema shi ne a ce ya haɗa da sakamakon gwajin na'urar ji, a rubuta a kwali, a kuma sa a wancan jeri don masu sayen gwanjo su duba. Ba sai an je majalisa ba, ƙa'ida ce da hukuma ke iya tsarawa.

Sannan akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ita ta haifar da hukumar ƙasa ta masu buƙata ta musamman. Ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani, naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, in an nuna wariya, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati. Ƙarfinta ya fi karkata ga gini da sufuri da ilimi da aikin yi. Amma yau banki a waya yake, sakamakon jarrabawa a waya, kiran likita a waya. Wanda aka yi wa matakalar keke a ƙofar banki, ɗan'uwansa kuma ya kasa jin kiran bankin, an yi rabin aiki ne. Ga kuma FCCPC mai kare haƙƙin mai saye, wadda dokarta ta ba mutum haƙƙin samun bayani a kan abin da zai saya.

Abu ɗaya da ya burge ni a tsarin Amurka: kamfanonin layi dole su bar mutum ya gwada wayar a shagunansu kafin ya biya. Wannan kaɗai da ya tsirar da kuɗin Malama Ummu Aisha.

Mai Shago, Ahmadu Bello Way:
In kamfani zai ba mu wayar gwaji ɗaya kan kowane samfuri, kamar yadda suke ba mu allon talla da riguna, ni ba ni da matsala. A ɗora a kansu, ba a kan mai shago ba.

Ɗan Panteka:
Ni tambayata, ba ga Bluetooth ba? Yanzu kowa da abinsa a kunne. A haɗa wa kurame da shi mana a huta.

Ummu Aisha, Malali:
Ɗan'uwa, kurma daban, mai raunin ji daban, kuma ba wanda ya fi wani. Kurma da yawa maganar hannu ce harshensu, su kiran bidiyo da rubutu suka fi buƙata, kukansu tsadar data ne. Mu muna ji, taimako muke nema. Na'ura mai Bluetooth tana nan, amma kuɗinta ya fi, kuma tana shan batir. Batirin nan ɗan mitsitsi, lamba 13 nake sawa, mai tambarin ruwan lemo, ba a kowane kemis ake samunsa ba. Kai kuma da kake Panteka cikin bugun ƙarfe, don Allah ka riƙa toshe kunnenka. Ba fata nake maka ba.

Injiniya, Barnawa:
Gaskiyarta. Ƙari a kan haka, Bluetooth na na'urar ji ya daɗe a rarrabe. Apple na da nata tsarin, Android na da nata mai suna ASHA da ya zo da Android 10 a 2019. Sai ka sayi na'ura mai tsada ta yi aiki da wannan waya ta ƙi waccan. Shi ya sa dokar 2024 ta taɓo shi, tana tura kamfanoni ga tsarin da ba mallakin kamfani ɗaya ba, irin sabon LE Audio. Amma ba su yar da telikoyil ba, mafi yawan wayoyi har yanzu dole su riƙe shi. Ni ma ina ganin mu a nan shi ya fi dacewa da aljihunmu: ba ya buƙatar a haɗa shi da komai, ba ya cin wuta sosai.

Madam Sabon Tasha:
Sannunku da ƙoƙari. Ɗan ƙarin bayani kan telikoyil ɗin nan, ba waya kaɗai yake yi wa amfani ba. Yayana da ke Ingila ya ce a cocinsu an zagaye ɗakin da waya siririya da aka haɗa da makirufon mai wa'azi, mai na'ura ya danna T kawai sai magana ta shigo masa kai tsaye. Haka a tashoshin jirgi da kantunan banki, akwai alamar kunne da harafin T. Na yi ta tunanin manyan masallatai da coci-cocinmu na Kaduna, ana kashe kuɗi a kan lasifika, tsofaffi na sahun gaba suna gyaɗa kai ba su ji komai ba sai amsa-kuwwa.

Sista, Unguwan Rimi:
Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki a matsayina na ma'aikaciyar lafiya. Abban Walid, ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne ke da raunin ji da ke buƙatar kulawa, sama da kashi 5 cikin 100 na mutanen duniya, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe irin namu suke. Ta yi hasashen za su haura miliyan 700 kafin 2050. Mu kuma a Arewa sanadin ya yi mana yawa: sanƙarau lokacin zafi, ƙyanda, hangum, kunnen yaro da ke zubar da ruwa a bar shi shekara da shekaru ana ɗiga masa man ja, zazzaɓin Lassa da ke barin wasu da rashin ji bayan sun warke, allurar jentamaisin da ake yi barkatai a kemis, ga injin niƙa, ga janareto, ga matasa da iyafis a kunne dare da rana. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, duk wanda Allah ya ba tsawon rai a cikinmu yana iya zama Baban Yayan Fati.

Inda na yarda da kai shi ne tsada, kuma tsadar ce ke tura mutane sayen wani abu a kasuwa mai kama da na'urar ji, alhali amfilifaya ce kawai. Tana ƙara komai, da muryar mutum da hon ɗin mota, tana iya ƙarasa ɗan jin da ya rage. Na'ura ta gaskiya sai an auna kunne an saita ta daidai da sautukan da mutum ya rasa. Mu a Kaduna Allah ya hutar da mu tafiya, Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a garin nan take tun 1999, daga jihohi ake zuwa.

Yayan Fati, ka mayar da Baba inda aka sa masa na'urar, ka tambaya ko tana da telikoyil, kuma ko an kunna shi. Sau da yawa yana ciki amma ba a buɗe shi a saiti ba. Ku tafi da wayar. Kafin nan gwada wannan: tunda ta bayan kunne ce, makirufonta a sama yake, ba a ramin kunne ba. Ya ɗaga wayar sama kaɗan ta daidaita da saman kunne, ya ɗan karkata ta, kada ya danna.

Injiniya, Barnawa:
A ƙara da wannan: a cikin saitin waya akwai sashen sauƙaƙa amfani, mai alamar ɗan mutum ya buɗe hannuwa. A iPhone da wasu wayoyin Android akwai maɓallin na'urar ji a can ko a saitin kira, a kunna shi. In wayar da layin suna ɗaukar kira ta 4G, a kunna shi ma. In duk ya gagara akwai wata igiya da ake ratayawa a wuya a soka a waya, ita ke aika maganaɗisun ga telikoyil, wayar kuma tana nesa da kunne.

Abban Walid, Rigasa:
Na ƙaru. Har yanzu dai ina kan bakana cewa in za a rubuta wa hukuma, a sa maganar kuɗin na'ura da batir a sahun farko. Alamar kwali ba za ta amfani wanda bai da abin sawa a kunne ba.

Ummu Aisha, Malali:
A sa duka biyun, Malam. Amma kada a ce sai an gama wancan za a taɓa wannan. Mun daɗe ana ce mana mu jira.

Ɗalibin Lauya, Kawo:
Zan tsara takardar. Buƙata uku ga NCC: sakamakon gwaji cikin takardun neman izini, alama a kwali da Turanci da hoton da wanda bai yi boko ba zai gane, da wayar gwaji a shago a kan kuɗin kamfani. Kwafi ga hukumar masu buƙata ta musamman da FCCPC, da sakin layi na musamman kan tsadar na'ura saboda Yaya Abban Walid. Ina so masu sa na'urar su ne za su fara sa hannu, ba mu ba. Anti Ummu Aisha, ko za ki duba kafin a tura?

Ummu Aisha, Malali:
Zan duba, zan kuma kai wa matan da na ce sun ajiye tasu.

Yayan Fati, Tudun Wada:
Jama'a na dawo da labari. Ranar Talata na kai Baba, ashe telikoyil na ciki, ba a kunna ba. Aka kunna, aka nuna masa inda zai danna. Da tsohuwar wayarsa fiton ya tafi amma zzzz na nan ko a T ɗin. Daga can muka wuce shagon Alhaji, Allah ya saka masa da alheri, ya fito da wayoyi huɗu na hannu, ya sa layin Baba a kowacce, ni kuma na fita bakin titi ina kira. Biyu sun yi ƙara, ɗaya murya ta yi ƙasa, ta huɗun na ce Baba kana ji na, ya ce kai ne kake ihu ko? Rage murya.

Da daddare ya shiga ɗakinsa ya tura ƙofa ya kira Fati. Sun fi minti ashirin. Ba wanda ya san abin da suka tattauna. Sai dai jiya da muka je ƙauye ta'aziyya, wajen Birnin Yero, sabis ya sauka, ƙarar ta ɗan dawo. Injiniya, igiyar wuyan nan a ina ake samunta?

Injiniya, Barnawa:
Ka fara tambaya a inda aka kunna masa telikoyil ɗin, su suka san masu kawowa. Ka duba ko sabuwar wayar tana da ramin iyafis, in babu sai ka haɗa da ɗan mahaɗin USB-C.

Mai Shago, Ahmadu Bello Way:
Na manna takarda a jikin kanta, na rubuta lambar samfurin wadda ta yi wa Baba da irin na'urarsa. Amma Injiniya ya ce wadda ta yi wa wani ba lallai ta yi wa wani ba, don haka ina buƙatar ƙarin kunnuwa. Duk mai na'ura ya zo ranar Asabar bayan la'asar, lokacin kasuwa ta lafa, ko ba zai saya ba. Ina da na hannu guda tara da za a iya gwadawa, maƙwabcina ma ya ce zai kawo nasa. Malama Ummu Aisha, ki taho da wayoyin nan biyu da suka ƙi, mu rubuta su a ɗaya gefen takardar.